Kat-san-kat ɗin Kawu da Tarihin Tseren Mota

A bayan gidan kawuna a nan Madarunfa, gindin wani dogon yaro, akwai gawar mota. Peugeot 404 ce, mai buɗaɗɗen baya da ake rufewa da tamfol, irin wadda muke kira bashe. Tun ina rarrafe take nan. Tayoyinta sun daɗe da zama takalma, tifofin sun zama guga, kaji kuma sun mai da ƙarƙashin sitiyari wurin ƙwai. Bana da rani mai sayen tsohon ƙarfe ya zo da sikelinsa, ya zagaya ta sau biyu, ya yi mata kuɗi a kan kilo. 'Ya'yan Kawu suka ce a sayar, ko ba komi a sayi buhun taki. Kawu ya ce ba da ransa ba. Aka yi ta ja-in-ja har aka kira sallar magariba.

Ni a lokacin bayan masu cewa a sayar nake. Abin da ya juya ni, wani abokin karatuna ne a Maraɗi ya nuna mini hoton bidiyo a waya: wasu tsofaffin motocin tsere na Amurka, dogaye sirara kamar zungo, inji tsirara a gaba, direba can ƙarshen baya, hayaƙi na tashi daga tayoyi. Motoci ne na shekarun 1950 da 1960, sa'o'in motar Kawu ko ma yayyenta, amma an goge su suna ƙyalli, kowace da allo a gabanta ɗauke da sunan wanda ya ƙera ta da wanda ya tuƙa ta. Daga nan na shiga karance-karance, kuma abin da na tsinto shi ne na kawo muku, 'yan uwa ɗalibai.

Bari in fara da waɗancan motocin na cikin waya. Tseren da suke yi Amurkawa na kiransa drag, amma duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a ƙofar fadar Maraɗi ya riga ya san shi. Jafi ne. Babu kwana, babu zagaye. Motoci biyu su jeru, a ba su alama, su zabura a miƙe tsawon rubu'in mil, wato mita 402, wanda ya riga isa shi ya ci. Kuma kamar a jafi, zabura ba ta kai tsayawa wuya ba; mahayi yana da linzami, su kuma sai da suka ɗaura wa motocin laima a baya, ta buɗe ta ja su.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba masu kuɗi suka fara shi ba. A shekarun 1930 samarin Kalifoniya marasa ƙarfi ne ke zuwa bola su sayi tsohuwar Ford da arha, su cire mata marfin inji da kujeru da duk abin da ke ƙara nauyi, su dasa mata inji mai silinda 8 wanda kamfanin Ford ya fito da shi a 1932, su tafi busassun tafkunan hamada irin su Muroc su gwada gudu. Da aka gama yaƙin duniya na biyu a 1945, sojoji suka dawo gida da sanin inji da ɗan kuɗi a aljihu da kuma rashin tsoro. Tseren ya koma kan titunan gari cikin dare, ana mutuwa, ana kashe masu wucewa, jaridu na zagi, 'yan sanda na kame. Maganin bai fito daga kulki ba. A 1950 wani mai suna C. J. Hart da abokansa suka samu izinin amfani da titin saukar jirgi a Santa Ana ran Lahadi, ana biyan kuɗin shiga, ana auna gudu. A 1951 Wally Parks, editan mujallar Hot Rod, ya kafa ƙungiyar NHRA, wadda ta sa dokoki: a duba mota kafin ta shiga, a sa hular kwano, 'yan kallo su ja baya. Gasar ƙasa ta farko an yi ta a 1955 a Great Bend ta jihar Kansas, ita ma a filin jirgi.

Cikin direbobin wancan zamani wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Don Garlits, ɗan Tampa ta jihar Fulorida, haifaffen 1932. Makanike ne, da hannunsa yake ƙera motocinsa, yana ba su suna ɗaya da lamba a jere, Swamp Rat, wato ɓeran fadama. A lokacin direba yana zama ne a bayan inji, ƙafafunsa na rungume da akwatin giya. Ku duba wannan zama: duk abin da ya fashe, a jikinka zai fashe. Ran 8 ga Maris 1970, a filin Lions na Long Beach, akwatin giyar ya tarwatse daidai lokacin zabura, ya raba motar biyu, ya tafi da wani sashe na ƙafarsa ta dama. Yana kwance a asibiti ya zana sabuwar mota mai inji a bayan direba. Wasu sun gwada haka kafinsa abin bai yi ba, don haka aka yi ta yi masa dariya. Farkon 1971 ya ci babbar gasar Pomona da ita, kuma cikin shekara biyu tsohon tsarin ya kau. Akwai kuma Shirley Muldowney, mace, wadda da ƙyar aka ba ta lasisi, ta zo ta ɗauki kambin babban aji sau 3, a 1977 da 1980 da 1982. Yau motocin wannan aji na wuce kilomita 500 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa 4, har ta kai bayan mutuwar Scott Kalitta a 2008 aka rage musu tsawon filin zuwa mita 305.

To ga inda zancen ya shafe mu. Garlits bai sayar da tsofaffin motocinsa a kan kilo ba. Ya buɗe musu gidan tarihi a Ocala, ɗaya daga cikinsu ma tana gidan tarihin Smithsonian na Washinton. Yaran bola ne, amma sun ajiye ƙarfensu, sun rubuta sunayen junansu.

A ƙasarmu ba a taɓa shimfiɗa filin irin wannan tsere ba. Amma kar wani ya ce muku Nijar ba ta da tarihin motocin gasa. Tana da shi, mai tsawo ma, sai dai kusan duka baƙi ne a ciki.

Ran 28 ga Oktoba 1924, motoci 8 na kamfanin Citroën suka tashi daga Kolom-Beshar ta Aljeriya, a ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil. Gabansu taya, bayansu sarƙar roba kamar ta tankar yaƙi. Suka keta Sahara, suka faɗo kogin Isa, suka biyo ta Yamai, sannan suka miƙe gabas ta ƙasar Hausa zuwa Damagaram, wadda ita ce hedikwatar mulkin mallaka a lokacin, kafin a mai da ita Yamai a 1926. Daga nan suka wuce tafkin Cadi, tafiyar ba ta ƙare ba sai Yunin 1925 a Madagaska. Ba tsere ba ne da agogo, amma gasa ce, don Citroën da Renault na rige-rigen nuna wa duniya motar wa ta fi ƙarfin Afirka. Kowace mota da sunanta. Ta shugaban tafiyar sunanta da Faransanci na nufin Buzuzun Zinari. E, buzuzu dai da kuka sani, mai mirgina kashi. Sun ɗauki fim a fadar Sarki Barmu na Tasawa, mai zanen da ke tare da su, Alexandre Iacovleff, ya zana hotunan mahaya da sarakai na wannan yanki, har da shugaban mahayan Sarki Musa na Maraɗi. An san sunan kowane makanike Bature da ya yi tafiyar. Waɗanda suka share hanyar kuwa, suka cike kwazazzabai, a zamanin da aikin tilas ke ci (ba a soke shi ba sai 1946), babu su a jerin sunaye. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Yanzu mu zo kan motar Kawu. An fito da Peugeot 404 a 1960, shekarar da Nijar ta samu 'yanci. Injinta bai wuce lita 1.6 ba, giyarta a jikin sitiyari. A ido ba motar tsere ba ce. Amma a gabashin Afirka akwai gasar Safari, wadda aka fara a 1953, dubban kilomita cikin laka da ƙura da duwatsu a Kenya da Uganda da Tanzaniya. A 1963 motoci sama da 80 suka tashi, 7 kacal suka iso, kuma 404 ce a gaba, Nick Nowicki na tuƙi. Ta sake ci a 1966 da 1967 a hannun Bert Shankland, ta ƙara a 1968. Ƙanwarta 504, wadda ta fito a 1968, ta ci Safari a 1975 a hannun Ove Andersson, kuma a shekarar ta ci gasar Maroko da ta Bandama a Kwaddibuwa. A wannan shekarar dai, 1975, aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna, wadda ta yi ta fitar da 504 har bayan shekarar 2000, lokacin da a Faransa an daɗe da mantawa da ita.

Akwai wani ɗan Kenya da nake so ku sani, Joginder Singh. A 1965 shi da ɗan'uwansa Jaswant suka shiga Safari da Volvo ta hannu, wadda an riga an jigata ta a gasar shekarar da ta gabata. Suka kwance ta suka sake ɗaurawa da kansu, suka ci gasar, suka bar motocin kamfanoni sababbi fil a baya. Da na karanta labarinsa garejin bakin tasha na tuna, inda ake ɗaga inji da sarƙa a reshen itace.

Da na gaya wa Kawu cewa irin motarsa ta ci babbar gasa sau 4, bai ko ɗaga kai ba. Cewa ya yi: “Ɗana, su mutum nawa suka ɗauko?” Na ce biyu. Ya ce shi ran kasuwar Jibiya ba ya ƙirga mutane, buhuna yake ƙirgawa, mutane a kan buhuna suke zama.

Wasa yake, amma akwai magana a ciki. Motar da Bature ya ci kofi da ita cikin kwana huɗu ko biyar, da makanikai na jiransa a kowane zango, ita direbanmu ya yi shekara ashirin yana bin hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa zuwa Jibiya zuwa Katsina da ita, da ƙauyukan da ko yau ba su ga kwalta ba. Kuma gyaran da yaran Kalifoniya suka yi don mota ta yi sauƙi, makanikanmu sun yi kishiyarsa don ta ɗauki nauyi: a ƙara ganyen sifirin a baya, a ɗaga jiki, a ƙera ƙarfen rufi, a liƙe tankin mai da sabulu, a ɗaure abin da ya karye da tif da waya har a isa gida. Kalmomin aikin ma rabi daga Faransanci suke rabi daga Ingilishi, don mu 'yan bakin iyaka ne: wannan ya ce buji wancan ya ce fulogi, wannan ya ce aparanti wancan ya ce karen mota, kuma kowa ya gane.

Sun yi tsere kuwa? Sosai ma. Ba kofi, amma akwai lodi. Wanda ya riga shiga tasha shi zai riga samun layi, wanda ya riga isa kasuwa shi zai yi sawu biyu. Zamanin ya ba da dama. Gyada ce ta gina Maraɗi, har gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don cinikinta. Yaƙin Biyafara na 1967 zuwa 1970 ya juya hanyoyin kaya, alhazan Maraɗi suka samu ƙofa. Fari na 1973 da 1974 ya karya gyadar, amma fataucin tsallaka iyaka ya maye gurbinta. Duk wannan dukiya a bayan mota ta yi tafiya, kuma wani ne ke riƙe da sitiyarin. An rubuta littafi sukutum a kan alhazan Maraɗi, na Emmanuel Grégoire. Direbobinsu fa?

Motocin kansu wasu ta hamada suka zo. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turai kan sayi tsohuwar 404 ko 504 a can, su ɗora ta a jirgin ruwa zuwa Aljeriya, su biyo ta Tamanrasset da Asamaka da Arlit, su sayar a Agadas ko Tawa ko Yamai, su sayi tikitin jirgi da kuɗin su koma gida. Kawu ya ce tasa haka ta zo, da yashi a cikin ƙofofinta.

A kan wannan hanyar ce kuma babbar gasar da ta sa sunan Nijar a talabijin na duniya ta biyo. A 1977 wani matashin Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ɓata a kan babur a hamadar da ke kan iyakarmu da Libiya, yana cikin gasar Abijan zuwa Nis. Da ƙyar aka tsinto shi. Wani in ya tsira daga irin wannan sai ya yi sadaka ya zauna gida. Shi sai ya koma ya shirya tasa gasar. Ran 26 ga Disamba 1978, motoci da babura 182 suka tashi daga Paris, suka biyo ta Aljiyas, Tamanrasset, Agadas, Yamai, Gawo da Bamako. Tafiyar kusan kilomita 10,000 ce, 74 suka isa Dakar ran 14 ga Janairu 1979. Cyril Neveu ya ci a kan Yamaha XT500.

Shekarun farko sun fi burge ni, don a lokacin gasar ta mahaukatan makanikai ce, ba ta kamfanoni ba. 'Yan'uwa biyu, Claude da Bernard Marreau, sun shiga da Renault 4, 'yar ƙaramar motar nan mai kama da akwatin sabulu, suka ba manyan motoci kunya, kuma a 1982 suka ci gasar da Renault 20. A 1981 wani Thierry de Montcorgé ya shigo da Rolls-Royce. Da aka leƙa ciki ashe ƙashin Toyota Land Cruiser ne, injin Chevrolet, jikin kawai ke da kamar Rolls. Wannan aikin da makanikin Maraɗi ya gani zai ce ai namu ne. A Janairun 1982 Mark Thatcher, ɗan Firaministar Ingila, ya ɓata kwana 6 a kudancin Aljeriya cikin Peugeot 504, aka tashi jiragen soja har aka gano shi. Direbobinmu nawa suka kwana a daji da karyayyen aksul, ba wanda ya tashi ko jaki?

A 1983 gasar ta fara keta Tenere. Guguwar yashi ta taso, 'yan tsere kusan 40 suka ɓace, Sabine ya yi kwana 4 yana nemansu da jirgi mai saukar ungulu har ya tattaro su duka. Daga nan Tenere ta zama zuciyar gasar, Agadas ta zama zangon hutu. Kuɗi suka shigo, tare da su kamfanoni: Porsche ta ci a 1984 da 1986, Peugeot ta kawo 205 da 405 ta ci shekara 4 a jere daga 1987 zuwa 1990. A 1988 aka sace motar Ari Vatanen a Bamako yana kan gaba. A 1989 a Gawo, shugaban ayarin Peugeot, Jean Todt, ya ga direbobinsa biyu, Vatanen da Jacky Ickx, za su kashe kansu wajen rige-rige, sai ya jefa kwabon faran 10 sama ya raba gardamar. Vatanen ya ci. Tseren dubban kilomita, kwabo ya yanke shi.

Cikin duk wannan labari sunan ɗan ƙasa ɗaya ne ya fito fili: Mano Dayak, Buzun Ayar, mai kamfanin yawon buɗe ido na Temet a Agadas, abokin Sabine, wanda ke shirya wa gasar hanya da masauki. Daga baya ya zama ɗaya daga jagororin tawayen shekarun 1990, ya rasu a haɗarin jirgi ran 15 ga Disamba 1995, kuma filin jirgin Agadas sunansa yake ɗauke da shi. Sauran fa, 'yan jagora da suka san kowane tudun yashi, da masu ɗaukar gangunan mai zuwa Dirku? Su ne 'yan share hanyar 1924, an dai sauya shekara.

Ba na cikin masu cewa gasar ba ta amfani kowa ba. Agadas ta ci kasuwa, kuma mawaƙi Daniel Balavoine, wanda ya mutu tare da Sabine a haɗarin jirgi mai saukar ungulu kusa da Gurma-Rarus ta Mali ran 14 ga Janairu 1986, aikin raba famfunan ruwa ne ya kawo shi. An watsa tokar Sabine a gindin wani itace tilo a Tenere, itacen yanzu sunansa yake amsawa. Amma ba zan ɓoye ɗayan gefen ba. Mota mai gudun kilomita 150 ko fiye ta ratsa ƙauyen da yara ba su saba ganin ko keke ba. A 1988 wata yarinya 'yar shekara 10 ta mutu a Kita ta Mali, kuma ba ita kaɗai ba ce a tarihin gasar. Hart da Parks sun cire tsere daga titin jama'a tun 1950. Shekara 30 bayan haka Turawa suka kawo shi tsakiyar ƙauyukan Sahel. Wannan a ganina raini ne, ko da famfo nawa aka raba.

Rabuwar ma ba ta yi daɗi ba. A 1997 an yi Dakar zuwa Agadas a koma Dakar. A 2000, da ayarin ya iso Yamai, aka ce akwai barazanar hari a arewa, sai aka kwashe motocin cikin manyan jiragen Antonov zuwa Sabha ta Libiya, aka tsallake hamadarmu ta sama. A 2008 aka soke gasar ɗungurungum, 2009 ta koma Kudancin Amurka, tun 2020 kuma tana Saudiyya, da sunan Dakar a goshinta.

A ƙasar Hausa kanta, wurin da aka san tseren mota a hukumance shi ne Argungu, inda aka haɗa shi da bikin kamun kifi tun shekarun 1970. Shi ma yana yi yana tsayawa, kamar bikin.

Abin da ya rage mana yanzu babur ne. Bayan karyewar darajar sefa a Janairun 1994, kayan gyaran Faransa suka fi ƙarfin talaka, Toyota ta hannu ta kori Pijo daga tasha, sannan baburan Sin suka cika gari. Kowa a cikinmu ya ga abin da samari ke yi ran ɗaurin aure ko kai amarya: a jeru biyu-biyu a kan kwalta, a murɗa, a ɗaga tayar gaba, ba hular kwano, yara na tsaye a gefe. Wani ɗan ajinmu na kwaleji yana ɗingishi har yau saboda haka, kuma shi ya yi sa'a. Manya na zagi, jandarmomi na kame, gobe a sake. Kalifoniya ce ta 1947, ba ragi. Can ma a Los Anjeles, bayan tarzomar unguwar Watts ta 1965, wani baƙar fata da ake kira Big Willie Robinson ya tara masu tseren titi cikin ƙungiya ɗaya, ya zauna da hukuma, har aka ba su fili a tsibirin Terminal. Doki yana da filin sukuwa a Maraɗi, kokawa tana da nata fagen, mai gudun babur ne kawai aka bar wa titin da ƙannenmu ke bi zuwa lakwal. Ban ce na san yadda za a yi ba, amma mita 400 na fili ba su fi ƙarfin wata ma'aikatar magajin gari ba.

Na koma wajen Kawu da waya, na ce ya ba ni labari in naɗa. Da farko ya ƙi, wai me za a yi da zancen direba. Da ya fara kuma sai da cajin ya ƙare. A bakinsa na fara jin cewa kafin Afirilun 1972 Najeriya hannun hagu take tuƙi, irin na Ingila, mu kuma dama, don haka duk wanda ya tsallaka zuwa Jibiya sai ya sauya hannu, in ya dawo ya sake sauyawa. Na je na duba, haka ne, ran 2 ga Afirilu aka sauya. Lokacin yana yaron mota, aikinsa ne ya buga rufi ya tuna wa maigidansa. Ya lissafa mini direbobi goma sha ɗaya na zamaninsa da laƙabinsu da kirarin da aka rubuta a bayan motar kowane, da wanda ba a taɓa riga shi shiga tasha ba, da wanda gulbi ya tafi da motarsa wata damina. Biyu ne kawai ke raye. Ban sa sunayensu a nan ba sai na nemi izinin iyalansu. Duk wanda ke da tsohon direba ko makanike a gida, ya naɗo muryarsa ya kawo wa ƙungiya, mu haɗa a fitowa ta gaba. In akwai tsohon lasisi ko katin mota a ƙasan adaka, a ɗauko hotonsa.

Maganar 404 kuwa ba a gama ba. Na cire tambarin zakin da ke hancinta da ɗan farantin lambar inji na ba Kawu, ya sa a aljihun da yake ajiye carbi. 'Ya'yansa har yanzu suna kan bakansu, kuma ban ga laifinsu ba, taki ya yi tsada. Mai ƙarfe ya ce zai dawo bayan girbi.